Dogayen sipika a falon Kawu: yadda muka tace guda huɗu har aka tsaya kan ɗaya

Kawuna ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya ƙarasa gininshi can bayan Ƙofar Ƙaura a Katsina, kuma cikin abin da ya ƙudurta tun yana aiki hadda sa dogayen sipika a falo, irin masu tsayuwa da kansu a ƙasa ɗin nan, ɗaya dama da tibi ɗaya hagu. Ni kuma da yake an san ina taɓa harkar sauti, ina haɗa ma masallatai da masu walima kaya, sai aka ce to ga naka. Zan faɗi yadda abin ya gudana tun daga farko saboda tambayar da ake yawan yi mani kenan, wacce ta fi wacce ta fi, alhali ba a ma gaya mani wane ɗaki za ta shiga ba.

Falon mita 6 ne a tsawo, 4 da rabi a faɗi, sama kuma mita 3. Bulo da filasta, ƙasa tayil, sama silin POP, manyan tagogi biyu na gilas kuma lokacin ko labule ba a sa ba. In ka tsaya tsakiya ka tafa hannu sai ka ji tafin ya yi wani zirrr kafin ya mutu. Abin da Kawu yake saurare kuwa ba boyayye ba ne, karatun Alƙur'ani bayan asuba, tafsiri, labaran BBC da DW, sai in ya ji nishaɗi da yamma ya sa tsofaffin waƙoƙin kalangu da kukuma da na fada masu taushi da kotso. Yara su kuma ƙwallo da fim. Kenan mafi yawan abin da zai fito daga sipikar nan muryar ɗan adam ce, ba dum-dum ɗin gidan biki ba, ku riƙe wannan don kusan shi ya yanke komai.

Sannan yana da amfilifaya, wato na'urar da ke ba sipika ƙarfi, tun da daɗewa, wani abokin aikinshi ya taho mashi da ita daga Amurka, tana kwali ba a taɓa jona ta ba. Da na juya bayanta na ga abu biyu. Na farko an rubuta 120V 60Hz, mu kuma wutarmu 230 ce 50Hz, wato da wani yaro ya yi karambanin soka ta a soket da tuni an yi jana'izarta. Na biyu kusa da inda ake ɗaura wayar sipika an rubuta kar a sa mata sipika mai ƙasa da om 6, om kuwa shi ne awon yadda sipika ke tare wuta, in lambar ta yi ƙasa ta fi jan wuta. Ƙarfinta wat 80 kowane gefe.

Guda huɗu ne suka shigo lissafi. Ta farko wadda Kawu da kanshi ya gani a babbar kasuwa ya ƙyasa, doguwa ce ta kusa kai mani ƙirji, da amfilifayarta a ciki, da Bluetooth da wurin filasha da makirfo biyu da fitilu masu canza kala, a jikin kwalin an rubuta 5000W PMPO da manyan baƙi. Ta biyu wasu manyan na gwanjo ƙirar Jamus da wani dillali ya turo mani hotonsu daga Kano, katako na gaske mai nauyi. Ta uku Klipsch R-620F, sababbi za a yo odarsu daga Legas, amma Allah ya taimaka wani abokina a GRA yana da irinsu ya yarda ya ara mana mu ji. Ta huɗu Polk T50, an ɗan yi amfani da su, suna wurin wani mai kayan lantarki a Sabon Gari Kano, muka yi da shi za mu ajiye kuɗi mu ɗauko in ba su yi ba mu maido.

Ta kasuwar ba ta ɗau lokaci ba. Na ce ma Kawu ku duba nan, na nuna mashi 'yar takardar da ke manne kusa da inda wayar wuta ta shiga, an rubuta abin da take ja daga soket wat 90. To abin da yake shan 90 ta ina zai fitar da 5000? Wannan PMPO ba wani ma'auni ba ne da aka yi ittifaƙi a kanshi, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa, wanda ake ɗan kamawa shi ne RMS, wato ƙarfin da kaya zai iya riƙewa a ɗore ba na ƙiftawar ido ba. Na ƙwanƙwasa gefenta da yatsa ta amsa kwam kwam, alamar allon siriri ne kuma ba a tokare shi daga ciki ba, irin wannan in bes, wato sautin ƙasa mai kauri, ya taso akwatin ma waƙa yake yi tashi daban. Ba wai ba ta da amfani ba fa, in suna za a yi a tsakar gida ko kamu ita ce daidai, a jawo ta a kunna a tashi. Amma a zauna da ita kullum ana jin karatu, a'a. Ga shi kuma ranar da amfilifayar cikinta ta ƙone ko allon Bluetooth ɗin ya mutu duk abin ya tsaya, ba kamar wadda ba ruwanta da wuta ba da za ta iya shekara ashirin ana canza mata amfilifaya.

Kawu ya ce amma fa ɗana a shagon nan ta fi kowace ƙara. Na ce ai shi ne, Kawu, duk wadda aka fi buɗe ma murya ita kunne zai ce ta fi daɗi, kamar shayin da aka cika ma sukari ne, kurɓar farko shi ke cinyewa sai ka kai rabin kofi ka ji ya ishe ka. Masu shago sun san haka sarai ko da ba su san sunan abin ba.

Ta Jamus ɗin ta ban sha'awa wallahi, don irin akwatin nan yanzu sai ka biya kuɗi sosai. Amma na ce ma dillalin ya cire ragar gaba ya ɗauko mani hoto kusa kusa, da bayan inda aka rubuta bayanai. Bayan ya nuna om 4. Gaban kuma zoben da ya zagaye wufa, wato babban faifan da ke fitar da sauti mai kauri, na soso ne ba na roba ba, har ya fara tsagewa ta ƙasa, irin wanda in ka taɓa yake marmashewa a yatsa. Soson nan ko a Turai yana ruɓewa in ya shekara goma sha, balle a kawo shi Katsina inda watan Afrilu zafi ke haura digiri 40. Ana iya canza zoben, amma samun daidai girmanshi da wanda zai manna shi ba tare da koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa faifan, ta riƙa gogar magnet ba wani aiki ne. Ko an gyara ma om 4 ɗin na nan. Sipika mai om 4 tana jan ninki biyu na wutar da mai om 8 ke ja a murya ɗaya, amfilifayar da aka ce kar a sauka ƙasa da 6 za ta yi ta zafi tana kashe kanta, in babu kariya mai kyau a ciki kuma ta tafi gaba ɗaya. Sai mu sayi wata amfilifaya saboda sipika? Aka ajiye wannan.

Saura biyu, kuma nan ne aikin yake.

A takarda Klipsch ta yi ma Polk nisa. Kamfanin tsoho ne, Paul Klipsch ya kafa shi a 1946 a garin Hope na jihar Arkansas, kuma tun asali abin da aka san su da shi kenan, sa tuwita, wato 'yar ƙaramar da ke fitar da siririn sauti, cikin wani baki mai kama da kakaki don sauti ya fito da ƙarfi da wuta kaɗan. R-620F tana da wufa biyu masu inci 6 da rabi, tuwita inci 1 ta alminiyon cikin wannan baki, ramin fitar bes a baya, kuma kamfanin ya rubuta mata desibel 96. Polk kuwa a Baltimore aka kafa ta a 1972, T50 tana cikin masu araharsu, om 6, desibel 90, tuwita inci 1 mai laushi. In ka cire ragarta za ka ga faifai uku masu inci 6 da rabi ka ɗauka wufa uku ne, to ɗaya ce kawai mai koyil da magnet, biyun na ƙasa ba waya a jikinsu, iskar cikin akwatin ce ke tura su su taimaka wurin bes. Wato aikin ramin nan suke yi, shi ya sa ba ta da rami ko ɗaya.

Wannan desibel ɗin shi ne lambar da ya kamata mutane su riƙa dubawa maimakon wat. Ma'anarshi in aka ba sipika bolt 2.83 aka tsaya mita ɗaya gabanta, ƙarar nawa za ta bayar. Duk ƙarin desibel 3 sai an ninka wat, kenan tazarar 6 da ke tsakanin waɗannan biyun na nufin abin da Klipsch za ta yi da wat 10 sai an ba Polk 40. Sai dai kamfanoni ba hanya ɗaya suke bi wurin awon ba don haka ban cika rantsuwa da lambar kwali ba, kuma akwai wata 'yar dabara, bolt 2.83 wat ɗaya ne a om 8 amma wat biyu ne a om 4, sai ka ga mai om 4 ta samu kyautar desibel 3 a takarda. Duk da haka ko a kunne Klipsch ta fi saurin tashi, wannan ba gardama.

Tambayar ita ce Kawu na buƙatar wannan ƙarfin? Kujerarshi mita 3 take daga tibi. Sipika mai 90, guda biyu, a ɗaki mai bangon siminti, wat ɗaya tak kowacce zai kai ka sama da desibel 80 a inda kake zaune, kuma 85 shi ne inda masana lafiyar kunne ke cewa in ana wuni a ciki ji zai fara lalacewa. Ga amfilifaya mai 80. Ko rabin rabinta ba za a taɓa ba. Wani zai ce to ai gidan sola ne, mai shan wuta kaɗan ta fi. Na sa mita na auna, amfilifayar tana kunne ba a sa komai ba tana shan wajen wat 30, da aka sa karatu daidai yadda Kawu ke ji abin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba ko da wacce aka jona. Batirin bai san bambancinsu ba.

Ranar gwaji muka jera su gefe da gefe, na sauke manhajar auna ƙara a waya, ba wai tana da daidaito can ba amma ta isa ta nuna ko biyu sun yi kai ɗaya. Kowacce na nemo inda zan tsaida maɓallin murya ta ba da lamba ɗaya a kujerar Kawu na sa alama da biro a jikin salatif. Na roƙe shi ya juya kujerar ya ba su baya, ya yi dariya ya ce yau kuma ni za a yi ma jarabawa, amma ya juya. Muka sa karatu ɗaya, labarai ɗaya, kalangu ɗaya, ina canza waya ba tare da na faɗi wacce ba ce.

A kalangu Klipsch ta yi abin mamaki gaskiya. Bugun nan na farko in makaɗi ya sauka kan fata, da yadda sautin ke lanƙwasa in an matse tsirkiya, duk sun fito tsaf kamar makaɗin na ɗakin. Kawu har ya ɗaga yatsa. A labarai ma ya ce wannan ta fi fitar da baƙi, kuma ban yi mamaki ba don mutum in ya manyanta siririn sauti na sama shi ke fara ɓace mashi, sipikar da ta turo wannan gaba za ta yi mashi daɗi. Amma da aka bar karatu ya ɗan yi tsawo, irin wanda aka ɗauka a masallaci da amsa-kuwwarshi a ciki, ga kuma tayil da gilas na falon suna ƙara nasu, sai sin da shin da sad suka fara tsini, Hajiya daga ƙofar kicin ta ce a rage mana. Ba a ƙara komai ba fa, lambar na nan inda take. Da aka koma Polk a wannan lambar ba wanda ya ce a rage. Ba ta da wannan kaifin a kalangu, ta ɗan fi zama baya, amma muryar mai karatu ta zauna da kaurinta.

A nawa ganin wannan ba laifin Klipsch ba ne, falon ne tsirara, a gidan abokina da ke da kafet bango zuwa bango da labule masu nauyi ban taɓa jin wannan tsinin ba. Da kafet da labule za su gyara fiye da rabi. Abin da ba za su gyara ba shi ne wurin ajiyewa.

Sipika mai rami a baya tana son a janyo ta daga bango, ko da rabin mita ne. Muka janyo, bes ya zauna daidai. Hajiya ta zo ta duba ta ce nan fa hanyar wucewa ce zuwa ɗakin cin abinci, ga jikoki na gudu, ba za a bar mata dogon abu a tsakiyar hanya ba, a mayar jikin bango. Kuma tana da gaskiya, falon nata ne ita ma. Da muka mayar sai wani gunji ya taso, muryar mai labarai namiji ta koma kamar yana magana cikin randa. Dalilin a lissafe yake. Sauti na tafiyar wajen mita 343 a daƙiƙa, kowane ɗaki kuma yana da sautukan da yake kumburawa gwargwadon girmanshi, ka raba 343 da ninkin tsawon, lambar da ta fito ita ce sau nawa wannan sauti ke kaɗawa a daƙiƙa. Mita 6 ya ba da wajen 29, ninkinshi 57. Tsayin mita 3 shi ma 57. Kenan tsawo da tsayi sun haɗu kan sauti ɗaya suna ƙara mashi, bangon bulo kuma ba ya shan bes kamar na katako irin gidajen Turawa da ake gwada waɗannan kaya a ciki, maido shi yake gaba ɗaya. Ko wace sipika ka sa kusa da bango bes zai ƙaru, Polk ma ya ƙaru, amma da yake faifanta gaba suke kallo kuma ita dama ba ta tura bes da yawa haka, tazarar taƙi ɗaya da rabi ta ishe ta, wajen santimita 30.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da suka ƙara mata maki waɗanda ba za ka gani a bidiyon masu sharhi na waje ba. Rashin rami na nufin ƙurar hunturu ba ta shiga ciki, kyankyaso da ɓera ba su samu ɗaki ba, na taɓa buɗe sipikar wani masallaci na tarar zanzaro ya yi gini cikin ramin har ya toshe rabi. Sannan Kawu rabin zamanshi a ƙasa yake kan darduma ya jingina da tuntu, T50 ba ta kai mita ɗaya ba, tuwitarta ta fi kusa da kunnen wanda ke zaune ƙasa, ita Klipsch ta ɗan ɗara mita. Ba wani babban bambanci ba ne amma akwai shi. Sai kuɗi, wanda ba zan faɗi adadi ba don kafin ku karanta dala ta motsa, amma abin da za a biya sababbin Klipsch da kuɗin mota daga Legas ya sayi Polk ɗin ya yi kafet da labule da tiransifoma har da canji.

Tunda Polk ɗin na hannu ne sai da na bincike su kafin a ce an saya. Na sa mita a bayan kowacce, duka biyun suka nuna kusan lamba ɗaya, ƙasa da 6 kaɗan, haka ya kamata don mita kullum tana nuna ƙasa da abin da aka rubuta, abin tsoro shi ne ɗaya ta bambanta da 'yar uwarta sosai. Na ɗora yatsu a hankali na tura ɗaya daga faifan ƙasa ciki, wufar sama ta turo waje ta tsaya sannan ta koma sannu sannu, alamar akwatin ba ya yoyon iska. Na tura wufar ita kanta daidai tsakiya ina saurare ko zan ji ƙarar gogayya, shiru. Na kanga kunne a kowace tuwita don sau da yawa na gwanjo tuwita ɗaya a mace take mai saye bai lura ba sai ya kai gida, kuma abin da ke kashe ta yawanci ƙaramar amfilifaya ce da aka murɗe har ƙarshe sauti ya fara fashewa, ba babba ba. Zoben roba ne, ba tsaga. Kusurwar ɗaya ta ɗan daku a ƙasa, muka nemi ragi a kan wannan aka rage.

Haɗawar ba ta da wuya. Tiransifomar rage wuta muka sayo mai wat 1000 duk da amfilifayar ba ta kai rabin haka ba, saboda waɗannan na kasuwa lambar jikinsu da ƙari, kuma kayan 60Hz a kan 50Hz yana ɗan fi ɗumi don haka na hana a sa ta cikin kabad mai murfi. Na manne filoginta da na tiransifomar da salatif na rubuta KAR A CIRE da jan biro. Inbatar gidan mai tsaftatacciyar wuta ce, da irin mai arahar nan ce da an sha zuuu a sipika. Waya kuma ta wutar gida mai 2.5 muka sa, ba sai an sayi wata mai tsada da sunan ta sauti ba, illa dai ka kankare bakinta da wuƙa ka gani, in ciki ya yi fari alminiyon ne aka shafa ma jan ƙarfe, ka maida masu. Ja a ja baƙi a baƙi duka gefen biyu, in ka juya ɗaya bes zai ɓace murya ta rasa tsakiya. Tsakaninsu mita 2 da rabi, an ɗan karkato su suna kallon kujerar, ba wadda ta shiga lungu, raga kuma a rufe saboda yatsun jikoki. Kujerar ma mun jawo ta daga bangon baya kaɗan don nan ne gunjin ya fi taruwa.

Bayan an shimfiɗa kafet an rataya labule na sake zuwa na tafa hannu, zirrr ɗin ya tafi. Na gaya ma Kawu gaskiya cewa yanzu da za a maido Klipsch ɗin ƙila ya canza ra'ayi, ya ce to Hajiyar taka fa, ita ma ta canza? Magana ta ƙare a nan.

Wanda bai gamsu ba shi ne autan gidan, ya ce a fim in abu ya fashe ba ya jin shi a ƙirji, yana so a ƙaro sabwufa, wato akwati daban mai fitar da bes kaɗai. Yana da hujja, T50 ba ta sauka can ƙasa sosai. Amma amfilifayar ba ta da wurin jona ta kai tsaye, sai an nemo irin mai karɓar wayar sipika, ga kuma 57 ɗin nan na falon na jiran duk wanda ya ƙaro bes. Na ce mashi ya fara tara kuɗin, in sun taru za mu aro ɗaya mu zagaya da ita falon mu ji inda za ta zauna kafin a saya.